Yadda Za Ka Sha Waifai Kyauta a Gidan Surukarka

Ɗan'uwa, idan kana cikin mutanen da data ke ƙare musu tun hoto bai gama buɗewa ba, matso kusa. Zan koya maka yadda za ka sha intanet ka ƙoshi ba tare da hannunka ya kusanci aljihu ba, kuma a ƙarshe a riƙa nuna ka da yatsa ana cewa ga mutumin kirki mai zumunci. Hanyar tabbatacciya ce. An gwada ta a kan mutum guda, kuma yana nan da ransa.

Mutumin abokina ne, kafinta, shagonsa na jikin nawa. Ana ce masa Zarto saboda haƙoransa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Abin da zan gaya maka, wani a gabana aka yi, wani kuma da bakinsa ya ba ni labari, na cire ƙaryarsa na sa tawa.

Kayan da za ka tanada: babbar waya, ko da fuskarta ta tsage, guduma ɗaya, suruka ɗaya, mai rai, sai kuma idon da ba ya jin kunya.

Mataki na ɗaya: Ka fara jefa kanka a rami

Babu mai tashi da ƙafarsa ya nufi gidan surukarsa alhali hankalinsa a kwance yake. Sai da dalili. Saboda haka ka nemi matsala babba, wadda bakinka ya jawo maka.

Wata uku shagon Zarto bai ga aikin kirki ba, sai gyaran ƙafar benci da ɗaure murfin akwati. Masu kawo aiki duk sun koma wajen wani sabon kafinta a bakin titi, wanda riƙon gudumarsa ma abin tausayi ne, amma wayarsa cike take da hotunan kujeru. Rannan sai ga wata malamar makaranta mai koyar da lissafi ta shigo da waya a hannu. Ta ce ɗakinta ƙarami ne, in ta sa gado babu wurin tebur, in ta sa tebur sai ta kwana a tsaye, ga shi ƙanwarta za ta dawo wurinta da zama nan da mako biyu. Ta nuna masa hoton wani gado da ake ɗagawa da safe a jingine shi da bango, ya koma kamar kabad.

"Malam, ka iya wannan? Kafinta uku na je wajensu, duk sun ce sai dai in yi haƙuri."

Zarto bai taɓa ganin irin abin ba ko a mafarki. Ya karɓi wayar, ya ɗan nisanta ta da fuskarsa kamar wanda ya ga tsohon abokinsa, ya ce, "Wannan? Malama, ai na gaji da yin irinsa."

Ta ce to madalla. Idan ya yi kyau, malamai tara ne a gidajen makarantar, ɗakunansu duk iri ɗaya. Idan kuma ya lalata mata katako, malamai taran nan za su ji labari, da iyayen yara ɗari huɗu.

Ka riƙe wannan: kada ka taɓa cewa ba ka iya ba. Magana ce ta mutanen da ke barci lafiya, kai kuwa ba barci ka zo yi duniya ba.

Tana fita ya sayi data, ya nemo bidiyon wani bature da ke haɗa irin gadon. Baturen ya yi minti huɗu yana gaisuwa, ya nuna karensa, ya nuna kofin shayinsa. Yana ɗaga ƙarfen da ke naɗe gadon, hoton ya tsaya cak, ɗan da'irar nan ya fara juyawa. Data ta ƙare.

Mataki na biyu: Ka gano inda abin yake zuba

Shekara guda kafin wannan, wata ƙungiya ta zo unguwarmu da farar mota da riguna iri ɗaya. Suka ce sun zo ne su haɗa talaka da duniya, musamman mata da tsofaffi. Rufi mafi tsayi suke nema, gidan Inna kuwa, surukar Zarto, a kan tudu yake. Suka kafa eriya a rufinta, suka manna wani farin akwati a bangon baranda. Suka zaunar da ita, suka ɗora mata wata faffaɗar waya a cinya, suka ce ta yi murmushi tana nuna gilashin da yatsa. Aka ɗauki hoto, aka tafa, aka karɓe wayar, aka miƙa mata wani kati mai rubutu, aka shiga mota.

Inna ba ta karatu. Wayarta kuma irin mai maɓallan nan ce mai tocila a ka. Tun daga ranar akwatin ke ƙifta koren ido a baranda yana zuba wa kaji intanet.

Zarto bai san da wannan ba, domin ba ya zuwa gidan. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, yana sabon ango, ya ƙera wa Inna kujera don neman suna. Ta zauna a kai a gaban baƙi, kujerar ta baje da ita. Tun ranar ba ta ƙara kiran sunansa ba, sai dai "Kafinta", da wata irin murya kamar tana faɗin sunan ciwo.

Kwana biyu bayan zuwan malamar, matarsa ta aike shi ya kai wa Inna maganin gwiwa, don ita ayyuka sun yi mata yawa. Ya hau tudun yana haki, ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ya miƙa maganin. Sai ya zaro waya don ya yi kamar ana kiransa ya samu ya tsere. A saman gilashin ya ga alamar waifai cike taf, da ɗan kwaɗo a gefenta.

Ya ce min a lokacin gwiwoyinsa ne suka fi na Inna buƙatar magani.

Mataki na uku: Ka ƙirƙiri dalilin zuwa

Kada ka ce ka zo gaisuwa. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya ba ya zuwa, ranar da ya ce gaisuwa ta kawo shi, za a ɗauka likita ne ya gaya masa wani abu. Ka nemo aibi a gidan.

"Inna, ƙofar nan tana kuka."

"Shekara ashirin tana kuka, Kafinta. Mun saba da juna."

"Ai bai kamata ba. Gobe zan zo in duba ta."

Ta dube shi daga hula har takalmi. "'Yata ce ta kore ka?"

"A'a, Inna."

"To ko wani abu ka yi mata?"

"Wallahi lafiya ƙalau muke."

"To Allah ya kai mu goben," in ji ta, "amma kada ka taɓa min abin zama."

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa zai riƙa zuwa yana yi wa Inna gyare-gyare, sai ta ajiye ludayi ta taɓa goshinsa ta ji ko da zazzaɓi. Da ta ji babu, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ta daɗe tana roƙon Allah ya nuna mata wannan rana. Idan taka matar ta yi haka, ka sunkuyar da kai ka ce ai uwa uwa ce. Kada ka kalli idonta. Zarto ya kalla, abincin ranar bai yi masa daɗi ba.

Mataki na huɗu: Kada ka nemi lambar sirri, ka bari ta zo da kanta

Washegari ya zo da akwatin kayan aiki, ya cire ƙofar ya jingine ta, ya tsuguna a bayanta da waya. Ya gwada ɗaya zuwa takwas. Ya gwada takwas zuwa ɗaya. Ya gwada sunan Inna, sunan marigayi mijinta, sunayen jikokinta biyar, har da sunan ƙungiyar da ke rubuce a jikin akwatin. Kwaɗon bai motsa ba.

Kwana biyu yana wannan fama, lokacin malama yana tafiya. A rana ta uku Inna ta kawo masa ruwa ta ajiye a kan ɗan teburin baranda, sai idonsa ya kai ƙasa. Ƙafa ɗaya ta teburin gajeriya ce, an cusa mata wani kati da aka ninka huɗu. A gefen katin ga tambarin ƙungiyar yana leƙowa.

"Inna, teburin nan yana ɗingishi. Wane ne ya yi wannan aikin banzan?"

"Kai ne."

Ya kife teburin, ya yanke sauran ƙafafun uku suka yi daidai, katin kuma ya faɗa aljihunsa bisa kuskure. Lambar doguwa ce, haruffa da lambobi a cakuɗe, manya da ƙanana. Yatsun kafinta kuwa ba don gilashi aka yi su ba, in ya nufi harafi ɗaya sai ya danne uku. Sai da ya shigar da ita sau tara, yana karantawa a fili kamar ɗan aji ɗaya: "Babban K, bakwai, ƙaramin m, sifili, babban T..." Inna na zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

A karo na tara kwaɗon ya buɗe. Baturen ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Mataki na biyar: Ka yi aiki a hankali, amma da ƙara

Sirrin zama a gidan suruka shi ne ƙara. Kowane minti biyar ka buga guduma a kan wani abu sau uku. Ba sai ƙusa ba. Ƙasa ma ta isa.

Ƙofar da ake gyarawa cikin rabin awa ta ci kwana huɗu. Daga ita ya koma taga, daga taga ya koma akurkin kaji, wanda yake a daidai inda sabis ya fi ƙarfi. A can yake tsugunawa, waya a jingine da bulo, yana tsayar da baturen yana zana abin da ya gani a bayan falanki. Ya gane katakon, ya gane awon. Abin da ya gagare shi shi ne ƙarfen. Baturen a kwali yake ciro nasa, sabo fil, da sifirin a ciki, ya ce ana samunsa a kowane kanti. Zarto ya zaga kasuwa da hoton, masu kayan ƙarfe suka yi ta miƙa wa juna wayar suna dariya.

Ya gwada haɗa nasa da sifirin na tsohuwar mota. Ni aka kira in kwanta a gwada. Na ƙi, don ina da iyali. Ya kwanta da kansa, gadon ya tashi da shi ya manna shi da bangon shago, ƙafafunsa a sama. Sai da muka taru mu uku muka ɓamɓaro shi.

Saura kwana biyar. Katakon malama an riga an yanka.

Mataki na shida: Idan aka kama ka, ka musa, sannan ka zauna

Washegari yana bayan akurki, hancinsa a kumbure, yana kallon wani bidiyon, sai hoton ya tsaya. Alamar waifai ta ɓace gaba ɗaya. Ya leƙo baranda, ya ga Inna tsaye da filogin akwatin a hannu.

"Kafinta, zo nan."

Ya zo yana buga guduma a tafin hannunsa, don a ga yana kan aiki.

"Mutanen farar mota abu ɗaya suka koya min," in ji ta. "Suka ce kada in cire wannan. To na cire. Ka gama da kajin?"

"Inna, ai ni awo nake dubawa a wayar..."

"Zauna."

Ya zauna a ƙasa.

"Shekara goma sha ɗaya ba ka san hanyar gidan nan ba. Yanzu kwana tara kana zuwa kafin rana ta yi zafi. Ka cire min ƙofa, ka rage wa teburina tsawo, kajina sun daina ƙwai saboda bugun gudumarka. Kana tsammanin tsufa hauka ne? Tun ranar da ka tsaya a bakin ƙofa kana kallon wayarka baki buɗe na san ba ni ka gani ba."

Zarto ya ajiye gudumar. Ya ce min ya shirya jin zagi, ya ma sunkuyar da kai don ya wuce ta sama. Sai ya ji muryarta ta sauka.

"Ranar da suka zo, yarinyar da ta ɗora min abin a cinya ta ce da shi ana ganin fuskar mutum ko yana bayan teku. Na ce to ta kira min Auta in gan shi. Ta ce yanzun nan, bari a gama hoto. Da aka gama hoton suka ce sun makara."

Auta shi ne ƙanin matar Zarto. Shekara bakwai da tafiyarsa aiki wata ƙasa. Yana kira wata-wata, minti biyu, ya ce lafiya lau, ofis ya yi masa yawa.

"Shekara guda ina share ƙurar akwatin nan," in ji Inna. "Kai ka iya shi. Ka nuna min ɗana, in mayar da filogin. In ba haka ba, ka mayar min da katina ƙarƙashin tebur, ka kuma nemo abin da za ka gaya wa matarka."

Ka lura da kyau: wannan ba ciniki ba ne, ƙwace ne. Ka amince nan take.

Mataki na bakwai: Maƙaryaci ya taimaki ɗan'uwansa

Da yamma Zarto ya kira Auta su shirya. Auta ya ce kyamararsa ta lalace. Zarto ya ce shi ma da irin wannan ƙaryar yake cin abinci, a canza wata. Sai Auta ya ce, "Yaya, don Allah ka rufa min asiri. Babu wani ofis. Bulo nake ɗauka. Mu takwas ne a ɗaki ɗaya. In ta gan ni haka, hawan jininta zai tashi."

Zarto ya ji tausayinsa, irin tausayin da ɗan sana'a ke ji wa ɗan sana'a. Ya ba shi shawara ta ƙwararru: ya ari riga mai kwala, ya sa biro a aljihu, ya tsaya a jikin farin bango, sauran bakwai ɗin kuma su riƙe numfashi.

Ranar hutun Auta, da hantsi, Inna ta yi wanka ta sa kayanta na fita, har da turare. Zarto ya ce mata ba a jin ƙamshi ta waya. Ta ce ba shi ta tambaya ba. Ta zauna a baranda, ya tsuguna a gefenta ya riƙe wayar, ya danna.

Fuskar Auta ta fito, da riga mai kwala da biro.

Inna ta matso kusa da wayar. Ta kai yatsa ta taɓa gilashin a daidai kumatunsa, hoton ya ɓace, Zarto ya dawo da shi. Ta sake taɓawa, ya sake dawo da shi. Sai ta naɗe hannunta a cinya ta yi ta kallo.

"Inna, ina kwana," in ji Auta. "Kin gan ni a ofis."

"Ka rame," in ji ta. "Rigar wa ka ara? Kafaɗar ta yi maka yawa."

"Tawa ce, Inna."

"Ɗaga hannunka in gani."

Ya ɗaga. Tafin duk ya yi kanta, farce biyu baƙi ƙirin.

"Biro ne ya yi maka wannan? Juya abin in ga inda kake kwana."

Auta ya dubi Zarto ta cikin wayar. Zarto ya dubi kaji. A hankali hoton ya juya: ɗaki dogo mai rufin kwano, igiyar shanya ta ratsa tsakiya, takalman aiki a tule, ga ƙarti bakwai sun manne a lungu ɗaya suna riƙe da numfashi, ɗaya ba riga domin tasa ce a jikin Auta.

Zarto ya ce yana jiran ta fashe da kuka. Inna ta ja numfashi mai tsawo, ta goge ido da bakin mayafi sau ɗaya tak.

"Sannunku, 'ya'yana," in ji ta. "Kai marar riga, zo ka karɓi abinka kada sanyi ya kama ka. Wane ne mai tukunyar can da ba a wanke ba?"

Ɗakin ya ɓarke da dariya. Ɗaya bayan ɗaya suka zo suka gaishe ta, wasu da Hausa, wasu da harsunan da ba ta ji, ta amsa wa kowa da tata. Auta ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Ta ce masa, "Ubanka gini ya yi har ya mutu, ban taɓa jin kunyarsa ba. Abin da ya dame ni shekara bakwai ina magana da wani ma'aikacin ofis da ban haifa ba. Share fuskarka. Kana cin abinci?"

Ana cikin haka Zarto ya hango wani abu a bayan Auta. Mutum takwas, amma babu gado ko ɗaya a ƙasa. Duk a jingine suke da bango.

"Auta! Matsa gefe! Mene ne wancan?"

"Gadajenmu ne, Yaya. Ɗakin ba ya ɗaukarmu sai mun ɗaga su. Wannan ne ya haɗa mana, mai walda ne."

Marar rigar ya karɓi wayar ya kai ta jikin bango. Babu sifirin, babu kwali. Guntun bututun ƙarfe ne a cikin wani bututun da ya fi shi faɗi, sai ƙugiya a sama, da buhun yashi a baya da ke rage nauyi. Ya sauke gadon da hannu ɗaya, ya ɗaga, ya sake saukewa. Ba ya jin Hausa, Zarto ba ya jin yarensa, amma sun yi minti goma suna hira da yatsu da tef ɗin awo, har sai da Inna ta ce, "Kafinta, ɗanka ne ko nawa?"

Gadon malama ya shiga ɗakinta saura kwana guda. Ta sauke shi ta ɗaga sau goma sha biyu tana neman aibi, ta sa ƙanwarta ta yi tsalle a kai, sannan ta ce, "Ashe da gaske ka gaji da yin irinsa." Malamai shida cikin taran sun kawo aiki.

Mataki na takwas: Kome za a yi, kada ka koya mata

Nan ne Zarto ya yi kuskuren da nake so ka guje wa. Inna ta fara aiko masa kullum ya zo ya riƙe waya, shi kuwa ga gadaje shida a gabansa. Sai ya ba ta tsohuwar wayarsa, ya nuna mata koren maɓalli da hoton Auta. Ya ɗauka iyakarta ke nan.

Cikin mako biyu ta gano yadda ake tura murya. Cikin wata guda ta san sunan uwar kowane ɗaya daga cikin ƙartin bakwai. Sannan ya bayyana cewa ranar da yake karanta lambar sirri sau tara tana tsince shinkafa, haddacewa take yi. Ba ta san kamannin harafi ko ɗaya ba, amma ta mayar da lambar waƙa, ta koya wa mai kitso, mai kitso ta koya wa duk kan da ya zo hannunta. Yanzu in ka bi ta unguwar za ka ji tsofaffi suna wanke-wanke suna rera babban K, bakwai, ƙaramin m.

Baranda ta cika. Wannan tana ganin jikanta, waccan tana yi wa surukarta faɗa daga nesa, wata ta kawo 'yarta ta cike takardar neman makarantar jinya. Da Zarto ya zo duba wani sabon salon kabad, ya tarar da mata goma sha ɗaya a kan sabis ɗin, ɗan da'irarsa yana ta juyawa. Ya yi ƙorafi. Inna ta ce an kawo abin ne don mata da tsofaffi, ya faɗa mata a cikin biyun wanne ne shi. Ta ba shi Talata da Alhamis, bayan azahar.

Gargaɗi, kuma ka karanta shi da kyau

Akwai wata illa da ban so in faɗa ba, amma amana ta sa dole. Wata Alhamis aka ɗauke wuta tun safe a unguwar gaba ɗaya. Kowa ya san akwatin ba ya aiki in babu wuta. Bayan azahar na ga Zarto ya rufe shago ya nufi tudu. Na ce, "Ina za ka? Ai babu sabis." Ya ce zai duba wani abu ne.

Ya tarar da barandar fayau, Inna ita kaɗai tana fifita.

"Babu wuta yau, Kafinta."

"Na sani, Inna."

Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta matsa gefe a kan tabarmar. Awa biyu ya yi a can, waya a aljihu. Da ya dawo na tambaye shi me suka yi, ya ce hira. Na ce hirar me? Ya ce ba ruwana, ya ɗauki zarto ya hau yanka katakon da bai auna ba.

Don haka ni dai na fita. Na yi maka alkawarin intanet kyauta, ban ce za ka dawo yadda ka tafi ba. Idan gado ya manna ka da bango, idan kaji suka daina ƙwai, idan matarka ta gano gaskiya, ko kuma wata rana ka tsinci ƙafafunka suna hawa tudu alhali ka san an ɗauke wuta, kada ka zo shagona. Ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba, kuma wanda ya rubuta wannan takarda ya tashi daga unguwar tun bara.